Jirgin ruwa zuwa ƙasar ƙanƙara: me za mu ci, ina za mu kwana, me za mu sa?

Maman Ilham, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka. Babban ɗanmu da ke aiki a waje ya dage sai ya kai mu, ni da mahaifinsa, Antaktika, ƙasar ƙanƙarar nan da ke ƙarshen kudancin duniya, a irin jiragen ruwan alfarma da ke kai mutane gani da ido. Dalilinsa shi ne Alhaji ya shafe shekara 33 yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, yana zana wa yara wurin a allo, alhali teku ma bai taɓa gani ba sai ta tagar jirgin alhazai. Yaron ya ce kafin ƙarfi ya ƙare sai Baba ya taka wurin da ƙafarsa. An turo mana takardu cike da hotunan abinci da gadaje. Ni abu uku ne ke hana ni barci: me za mu ci wanda babu shubuha, wane ɗaki za mu zaɓa tunda farashin ya bambanta nesa ba kusa ba, sannan wane irin kaya ake sawa a sauka. Gwiwata ko a hunturun nan namu tana damuna.

Kawu na Jega: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron albarka. Amma ki bar ni in faɗi abin da ke raina. Na ji an ce irin wannan tafiya kujera ɗaya takan haura dala 10,000, ban da kuɗin jirgin sama. Ku biyu ke nan. Kuɗin nan zai yi Umara nawa? Zai haƙa rijiyar burtsatse nawa a ƙauye? A je a kalli ƙanƙara da tsuntsaye, a dawo. Ni ban ga abin a cikinsa ba.

Maman Ilham: Kawu, wallahi ni ma haka na ce da farko. Yaron ya kai mu Hajji, ya gina wa kakarsa ɗaki, yana biya wa marayun ƙaninsa kuɗin makaranta. Da na ga yadda Alhaji ya yi shiru ya riƙe takardar yana kallon taswira, sai na kasa sake magana.

Kuku Ɗan Yawuri: Inna, barka da yamma, barka da yamma Kawu. Wannan tambaya ta zo gida. Kaka uku na yi ina aiki a kicin ɗin irin wannan jirgi, biyu a kudu, ɗaya a arewa wajen tsibiran Sibalbad na ƙasar Norwe. Yanzu ina gida hutu.

Kafin abinci da ɗaki, akwai tambayar da takardun nan ba sa sawa a shafin farko, ita ce kuma ta fi komai: mutum nawa jirgin ke ɗauka? Kamfanonin da ke kai mutane Antaktika suna da ƙungiya mai suna IAATO, tun 1991 aka kafa ta. A ƙa'idarta ba a sauke fasinja fiye da 100 a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kowane mutum 20 sai an haɗa su da jagora aƙalla ɗaya. Jirgin da ya ɗauki fiye da 500 kuwa ba ya sauke kowa, sai dai a kalla daga kan jirgi a wuce. To idan burin Baba ya taka ƙasa ne, jirgi mai mutum 130 ya fi masa jirgi mai 400 ko da na biyun an shafe shi da zinare. A ƙaramin, kusan kowa yakan fita sau biyu a rana in yanayi ya yarda. A babban, jiran layi za ku yi rukuni-rukuni, lokacinku a ƙasa ya ragu. Ku fara tambayar wannan adadin.

Yawancin jiragen daga Ushuwaya suke tashi, wani gari a ƙarshen Ajantina, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da can suke cikin zafinsu. Kwana biyu ake yi ana ƙetare Mashigin Direk, tekun da ke tsakanin Amurka ta Kudu da Antaktika, kwana biyu a dawowa.

Anti Nas, Zuru: Kuku, yi mana bayanin abincin, don ni ma abin da zan fara tambaya ke nan. Hajiya, Alhaji yana da suga ko hawan jini?

Maman Ilham: Hawan jini ne, yana shan magani. Gishiri muna ragewa.

Kuku Ɗan Yawuri: To Inna, batun ci. Ki sani duk abin da za a ci a tafiyar, daga ƙwai har ganyen salak, a tashar farko ake loda shi. Can babu kasuwa, babu kanti, babu inda za a aiki yaro. Ruwan sha ma daga na teku jirgi ke tace shi da inji. Shi ya sa duk wata buƙata ta musamman, tun ranar biyan kuɗi ake rubuta ta, a sake tunatarwa saura wata biyu. Wanda ya jira sai ya hau jirgi sannan ya ce yana son naman halal, ya makara, don babban kuku ba shi da inda zai samo. Wasu kamfanonin sukan sayo kaza da rago na halal su ajiye daban a firiza in an faɗa da wuri. Wasu za su ce ba za su iya ba. Ku nemi amsar a rubuce.

Ko ba nama ba za ku ji yunwa ba. Da safe ana jera abinci kowa ya ɗiba: ƙwai, burodin da aka gasa da asuba a cikin jirgi, madara, hatsin kunu, 'ya'yan itace. Da rana ma haka. Da dare ake kawo takarda mutum ya zaɓa, kuma kullum akwai kifi, akwai na marasa cin nama. Shinkafa, taliya, dankali, wake, duk akwai. Ba kamar manyan jiragen shaƙatawa ba ne da ake cewa sai da kwat za a shiga ɗakin cin abinci. Nan mutane da rigar sanyi suke zama, kowa ya zauna inda ya ga dama.

Inda shubuhar take, ba inda mutanenmu ke dubawa ba ne. Kowa ya san ya guji naman alade in ya gan shi. Amma girkin Turawa ana yawan zuba giya a miyar da ake malalawa kan nama da kifi, da cikin wasu kayan zaƙi. Akwai wani sinadari mai sa kayan zaƙi su daskare kamar alewa mai laushi, sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Miyar ganye ma wani lokaci da romon ƙashi ake haɗa ta. Sannan farantin ƙarfen da ake soya ƙwai da safe, a kansa ake soya naman alade. Abin yi shi ne ranar farko ki nemi shugaban masu hidimar tebur, ki ce a haɗa ki da babban kuku. Ki faɗa masa dalla-dalla: ba alade, ba giya ko a girki, ƙwai a kasko daban, gishiri kaɗan don Baba. Ana rubuta sunanku a allon kicin. A jirgin da na yi aiki kowace yamma ana kai wa irin waɗannan baƙin jerin abincin gobe su duba. Wannan hidimar ce kuɗinku ya saya, kada ku ji nauyin tambaya.

Malam na Gwandu: Allah ya saka da alheri Kuku, ka fayyace. Hajiya, game da abin teku kada ki sa waswasi. A Muwaɗɗa Malik akwai hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce game da teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya abin ruwa yana da faɗi ƙwarai, kifi ne, jatan lande ne, ƙaguwa ce. Naman da ba a san yankansa ba kuwa, malamai sun yi saɓani kan yankan ma'abota Littafi na wannan zamani, kuma kwana goma ko sha biyu ba za su gagare ku a kan kifi ba. Ku bar abin da ke sa shakka.

Kawu, maganarka ta alheri ce, ban raina ta ba. Sai dai a Suratul Ankabut Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ya fara halitta. Ɗa ya sauke wajibansa, ba bashi ya ci ba, yana son faranta wa mahaifinsa da abin da uban ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa. Ban iya kiran wannan almubazzaranci ba.

Kawu na Jega: Allah gafarta Malam, na ji. Ban canza ra'ayi a kan kuɗin ba, amma ba ni ne na nema ba, kuma biyayyar iyaye ba a yi mata farashi. Hajiya, sai dai ki tafi da kilishi da yajinki. Abincin Turawa salam yake.

Kuku Ɗan Yawuri: Kawu, ranka ya daɗe, kilishin nan ba zai wuce filin jirgi ba. Ajantina da Cile suna tsananta binciken nama da kayan gona da ake shigowa da su, musamman Cile, har tara suke ci in mutum bai bayyana ba. Garin yaji busasshe a rufaffen mazubi ya fi sauƙi, shi ma a rubuta shi a takardar shiga, in sun ce a bari a bari. A kicin akwai barkono, in kin nema za a kawo.

Abu ɗaya kuma: ko ƙwayar dabino ba a sauka da ita ƙasa. An hana kai abinci gaɓa kwata-kwata. Mu a kicin ragowar kaza da ɓawon ƙwai daban muke tarawa mu daskarar, a dawo da su tasha, don kada cutar kaji ta kama tsuntsayen can.

Maman Ilham: Ikon Allah. To ɗana, ɗakin fa? Akwai mai 'yar taga zagayayya a ƙasa, akwai mai babbar taga, akwai mai baranda a sama, har da mai falo da ma'aikaci na musamman. Yaron yana so ya kama mana na saman.

Kuku Ɗan Yawuri: Inna, a nan zan saɓa wa ɗanki. Jirgi a kan igiyar ruwa kamar itacen giginya yake a iska: sama ce ke lilo, gindi na nan. Ɗakunan da suka fi tsada suna sama, wasu a can gaba, kuma nan ne aka fi jin jijjiga. Ranar da Mashigin Direk ya tashi, mu a kicin jiƙa mayafin tebur ake yi don kada faranti su zame, kujeru a ɗaure suke da ƙasa, tukwane da ƙarfe ake tokare su a kan murhu. Na sha kai shayi da busasshen biskit ɗakunan sama wa mutanen da suka biya ninki biyu, sun kwana biyu ba su iya ɗaga kai ba. Ɗakin tsakiyar jirgi, a bene na tsakiya ko ƙasa da shi kaɗan, shi ne na dattijai. In da hali a samu mai babbar taga, kusa da lif.

Barandar nan kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma a lissafa: fita da safe, dawowa cin rana, fita da yamma, taron bayanin gobe, cin dare. Abin da za a gani kuma yakan ɓullo ta kowane gefe, sai a yi sanarwa kowa ya fito sarari. Ɗaki na barci ne da salla. Kuɗin da za a ƙara don baranda, gara a sa shi a tafiya mai ƙarin kwanaki.

Injiniya, Gusau: Kuku, ina da ja a nan. A ƙarshen 2022 wata ƙatuwar igiya ta bugi wani sabon jirgi a hanyarsa ta komawa Ushuwaya, ta fasa tagogin ɗakunan ƙasa, wata fasinja ta rasu. An yi ta a labarai. To ƙasan ma ba tudun mun tsira ba ne. Kuma akwai hanyar kauce wa mashigin gaba ɗaya: a tashi a jirgin sama daga Punta Arenas a Cile, awa biyu a sauka a tsibirin Sarki Joj, a hau jirgin ruwa a can. Ga dattijo mai hawan jini ba wannan ya fi ba?

Kuku Ɗan Yawuri: Gaskiyarka Injiniya, abin ya faru, kuma duk wanda ke wannan aiki ya ji shi a jikinsa. Shi ya sa na ce tsakiya, ban ce can ƙasa daf da ruwa ba. A ɗakunan ƙasa masu zagayayyar taga, in teku ta tashi rufe tagar ake yi da murfin ƙarfe, mutum ya zauna ba ya ganin waje. Hanyar sama kuwa tana da kyau, sai dai ta fi tsada, kayan da za ka ɗauka an ƙayyade nauyinsu, kuma hazo yakan hana jirgi sauka a yi ta jira kwana ɗaya ko biyu. Sababbin jiragen ruwa suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi. Wani lokaci ma mashigin kwance yake lumui kamar tafkin Kainji da safe.

Anti Nas, Zuru: Hajiya, ta ɓangarena. Kamfanin zai turo takardar lafiya da likita zai cika, kada a ɓoye komai a cikinta. Jirgi yana da likita da ɗan ɗakin magani, amma asibiti na gaske yana nesa da kwanaki, don haka inshorar da ta ƙunshi kwaso mara lafiya wajibi ce, yawancinsu ba sa ɗaukar mutum sai da ita. Maganin Alhaji a ninka adadinsa, a sa a jakar hannu, ba a akwati ba. Maganin jiri da amai na tafiyar ruwa kuwa, likitansa ne zai zaɓa masa, don wasu suna sa barci da bushewar baki, wasu ba su dace da mai matsalar fitsari ko hawan ruwan ido ba. Ana sha kafin a shiga igiya, ba bayan amai ya fara ba. Citta ma tana taimakawa. Gwiwarki kuma, ki fara tattaki da hawa matakala tun yanzu.

Maman Ilham: Na gode Anti. Wata tambaya, kada a yi mini dariya. Turaren wuta fa? Da buta?

Kuku Ɗan Yawuri: Babu abin dariya Inna, tambaya ce mai kyau. Buta ki tafi da abarki, 'yar ƙarama ta roba, don ba za ki samu ba. Bayin jirgi da iska yake zuƙewa, ba a jefa komai a ciki sai takardar da suka ajiye. Turaren wuta, kasko, kyandir, dutsen guga, duk an hana. Babu abin da ma'aikacin jirgi ke tsoro kamar gobara, kuma kowane ɗaki yana da na'urar jin hayaƙi. Humra da turaren shafawa sun wadatar. Ɗakin da ɗumi, da rigar gida ma za ki zauna. Labulen mai kauri ne, don a Disamba dare kaɗan ne, garin ba ya yin duhu sosai.

Malam na Gwandu: Wannan ya kawo mu salla. Ku matafiya ne, ƙasaru ta halatta. A jirgin ruwa ana fuskantar alƙibla, a tsaye in an iya, in jirgi ya juya a juya, in tangaɗi ya hana tsayuwa a zauna. Inda rana ke faɗuwa tana fitowa, ko da daren gajere ne, da ita ake aiki. Matsalar ita ce lisha da asuba in shafaƙi bai ɓace ba. Nan malamai suka ce a ƙaddara, suna kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal a Sahihu Muslim, inda aka ce a ƙaddara wa yinin gwargwadonsa. Ana bin lokacin gari mafi kusa da dare ke tabbata. Kafin ku tafi ku zauna da malaminku a rubuta muku jadawali. Ku kuma duba kalanda, don a shekarun nan azumi yana faɗowa wajen Fabrairu, cikin kakar tafiyar. Ku tafi da ɗan dutsen taimama.

Kuku Ɗan Yawuri: Allah gafarta Malam, dutsen a wanke shi tas, ya zauna a ɗaki. Can kuma ba a ɗaukar ko tsakuwa a dawo da ita. Alƙibla daga yankin da jirage ke zuwa kusan gabas take sak. Kamfas ɗin waya yana ruɗewa cikin ƙarfen jirgi, ni ɗakin tuƙi nake hawa in tambaya, ba su taɓa hana ni ba.

Bari in zo kan kayan sauka, don nan ne zuciyar tafiyar. Sanyin bai kai yadda ake zato ba, a wannan kaka ma'auni yana kai-komo ne kusa da sifili. Iska da feshin ruwa ne ke cutarwa. Babu tasha a can. Jirgi yana tsayawa nesa, a sauke kwale-kwalen roba masu inji da ake kira Zodiac, kowanne ya ɗauki mutum goma ko sha biyu. In an isa gaɓa, cikin ruwa ake zura ƙafa, wani lokaci har ƙwauri. Kamfani yana ba da babbar rigar sanyi mai hula, yawanci kyauta ce ka tafi da ita gida, yana kuma ara maka dogon takalmin roba, irin na masu aikin fadama amma mai ɗumi a ciki. Abin da za ku saya da kanku: wandon da ruwa ba ya ratsawa, wannan dole ne, ba a barin mutum ya hau kwale-kwale babu shi. Sai riga da wando na ciki masu kama jiki na ulu, rigar sanyi ta tsakiya, safa mai kauri, safar hannu biyu don ɗaya za ta jiƙe, hula mai rufe kunne, baƙin tabarau da man kare fata, don hasken ƙanƙara yana ƙona fuska, har baƙar fata irin tamu. Auduga ita ce abar gudu. Shadda da atamfa in suka sha gumi ko ruwa, riƙe sanyin suke yi a jiki. Ku bar su don cin abincin dare.

Maman Ilham: Wando kuma? Ɗana, ni ban taɓa fita da wando ba. Hijabina fa?

Anti Nas, Zuru: Hajiya, wandon nan burmeme ne, ba ya nuna sura, kuma rigar saman tana sauka har cinya. Ki sa doguwar riga mai kauri zuwa gwiwa a tsakani. Dogon hijabi ne ba zai yiwu ba, iska za ta cika shi, yana iya maƙalewa a igiya. Ƙaramin hijabi a cusa cikin riga, hula a kai, mayafin wuya a rufe har hanci. A ƙarshe ido kawai ake gani, kin fi yadda kike zuwa kasuwa rufuwa.

Kuku Ɗan Yawuri: Haka ne. Sai dai in faɗa tun yanzu: wajen shiga da fita kwale-kwale ma'aikaci yana kama tsintsiyar hannunki, ke ma ki kama tasa. Ba a yafe wa kowa wannan, ko matashi ne. Akwai mata cikin jagorori, kina iya roƙo, amma ba kullum za a dace ba.

Malam na Gwandu: Da safar hannu da riga a tsakani, kuma don tsare rai ne. Larura ce Hajiya, ki miƙa hannu.

Kuku Ɗan Yawuri: Kafin sauka ta farko akwai ranar da ake tara kowa da kayansa. Da injin zuƙe ƙura ake bin aljihu da ɗinki, ana tsince duk wani iri ko ƙasa. Ku da za ku taso daga nan, ku duba ƙarangiya a safa da jaka tun a gida. Duk fita da dawowa ana goge takalmi da buroshi a taka cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Saboda murar tsuntsaye, wadda ta isa yankin a 2023, an hana zama, durƙuso ko ajiye jaka a ƙasa, saboda haka Baba ya ari sandar dogarawa, suna da su. Tsuntsayen fenguwin ba a matsarsu ƙasa da mita 5. Sannan rigar ceto. Siririya ce, a kan rigar sanyi ake ɗaura ta, in mutum ya faɗa ruwa da kanta take kumbura. Babu mai taka matakala sai an duba ɗaurinta. Kowa yana da kati da ake dannawa in zai fita da in ya dawo, jirgi ba ya ɗaga ƙarfe sai lissafi ya cika.

Ɗan Ngaski: Ina karantawa tun ɗazu ban yi niyyar magana ba. Yaya Kuku, wannan na ƙarshen ya tsaya mini a wuya. A hatsarin jirgin ruwan Warrah na watan Mayun 2021 na rasa ƙanwar mahaifiyata. Mutum sama da ɗari a jirgi ɗaya, da buhuna da babura. Kwana da kwanaki muna bakin ruwa, babu wanda ya iya ce mana ga adadin waɗanda suka shiga. Can ana ƙirga mutum goma a kwale-kwale, ana duba igiyar riga. Mu rayukanmu ba su kai a ƙirga ba ne? Littafi da biro nawa suke?

Maman Ilham: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta cika da shahada. Ɗana, ka yi haƙuri in maganarmu ta tayar maka da ciwo.

Baba Basarke, Argungu: Jikana na ka rubuta min wanga. Ɗana na Ngaski, Allah shi gafarta mata. Ni cikin ruwa anka haife ni, tun ina yaro nike shiga Matan Fada da gora da homa. Goran nan da kuka gani muna hawa wurin su, ita ta rigar cetonmu tun kakanni. Basarke bai raina ruwa. Da can Sarkin Ruwa in ya ce ba a shiga, ba a shiga. Abin da Kuku ya faɗi ba na Turawa ba na, namu na, mu munka sake shi don kwaɗayin kuɗin mutum guda. Ni yanzu jirgina in ya cika, ko ɗan'uwana na sai shi jira sawu na biyu.

Kuku Ɗan Yawuri: Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanena na Ngaski, ni ɗan bakin Neja ne, na san abin da kake faɗa. Can ɗin ma ana mutuwa, a kakar 2022 kwale-kwale ya kife da mutane, biyu suka rasu, don ruwan yana daf da daskarewa. Amma a Nuwamban 2007 jirgin Explorer ya bugi ƙanƙara ya nutse da mutum 154 a lissafi, aka kwashe su duka a kwale-kwalen ceto, babu wanda ya rasu. Kowa ya san inda zai tsaya, don kafin jirgi ya bar tasha ake yin atisaye. Na dawo da rigunan ceto guda shida na ba wani ɗan'uwana mai jirgin fito. Fasinjoji suna ƙin sawa, wai zafi, wai rashin tawakkali ne. Malam, wannan sai ku a mumbari.

Malam na Gwandu: Na ɗauka. Ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, haka aka koya mana. Juma'ar nan in sha Allah.

Kawu na Jega: Ɗan Ngaski, ka binciko mini kuɗin rigar guda ɗaya da inda ake samun mai kyau. Ka turo mini ta akwatin sirri.

Maman Ilham: Jama'a, Alhaji ya karɓi wayar, yana son ya yi magana da kansa.

Assalamu alaikum. Ni ne mai tafiyar. Na karanta duka, na gode. Na gaya wa yaron ɗakin tsakiya muke so, a jirgin da bai kai mutum 200 ba, kuma ta ruwa za mu bi, ba ta sama ba, in likita ya yarda. Malam Kuku, tambaya ɗaya. Akwai inda ruwan sanyi na kudu ke haɗuwa da ruwan da ya fi shi ɗumi, na sha zana shi a allo da alli mai launi. Idan jirgi ya zo ƙetare wurin, ana sanin an zo? Za su bar ni in tsaya a ɗakin tuƙi?

Kuku Ɗan Yawuri: Ana sani, Baba. A cikin Mashigin Direk yake. Ido ba ya ganin layi, amma akwai ma'aunin zafin ruwa a gaban matuƙi, za ka ga lambar tana sauka cikin 'yan sa'o'i, sau da yawa hazo ya rufe, tsuntsayen teku su yawaita a bayan jirgi. Wani lokaci da tsakar dare ake wucewa. Ka gaya wa shugaban jagorori tun ranar farko cewa kai malamin labarin ƙasa ne, ka roƙa a buga maka waya a ɗaki ko ƙarfe nawa ne. Ka ajiye rigar sanyi da takalmi kusa da gado, kuma a matakala hannu ɗaya kullum yana kan ƙarfe.